Yadda Ake Tace Wuraren Koyon Cinikin Zaɓi a Intanet Kafin a Sa Ko Kwabo

Kusan duk wanda ya same ni yana son koyon cinikin zaɓi, abin da Turawa ke kira options, hoto ne ya jawo shi. Wani ya saka hoton fuskar wayarsa, dala ɗari ta zama dubu cikin kwana biyu. Na zauna da 'yan'uwa da abokan aiki da dama mun bi hanyar da zan shimfiɗa a nan. Darussa kam sun cika intanet har sun yi ambaliya. Inda ake shan wuya shi ne rabe mai koyar da kai don ka iya da mai koyar da kai don ka zuba kuɗi inda yake cin la'ada.

Ga abin a taƙaice. Zaɓi yarjejeniya ce: ka biya wani ɗan kuɗi yau, a ba ka damar saye ko sayar da hannun jari a kan farashin da aka yanke, zuwa wata rana da aka sa. In ka ga riba ka yi amfani da damar, in ba ka gani ba ka bar ta ta mutu, abin da ka biya kuwa ya tafi. Yana kama da kafin alƙalami, sai dai shi kafin alƙalami ana lissafa shi cikin kuɗin kaya, a nan kuwa damar kaɗai ka saya, kuma kana iya sayar da ita ga wani. Zaɓin saye sunansa call, zaɓin sayarwa put, farashin da aka yanke strike, kuɗin damar premium. Riƙe waɗannan huɗun, da su za ka riƙa bincike.

Kayan aiki

Kwamfuta ta fi dacewa, domin jadawalin farashin zaɓi faɗi gare shi. In waya kake da ita, kwantar da ita a gicciye, za ta yi. Nemi littafin rubutu mai layi, biro da kalkuleta. Littafin nan shi ne babban kayan aikinka, za ka ga dalili a mataki na shida. Buɗe adireshin imel na daban don rajista kawai, saboda duk inda ka sa sunanka tallace-tallace za su biyo ka, kuma kar ka bayar da lambar wayarka sai dole. Ware kamar awa guda a rana na tsawon wata uku.

In data na yi maka wuya, fifita rubutu a kan bidiyo, ka sauke takardu irin PDF ka karanta ba tare da intanet ba. In Turancinka bai nuna ba, Google Translate na da Hausa kuma yana taimakawa wajen gane jimla, amma kar ka bari ya fassara maka kalmomin sana'ar, yakan jirkita su. Wanda ya yi karatu da Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, zai sami bayanai a shafin hukumar kula da kasuwar jari ta Faransa, AMF, har da jerin shafukan da ta sa a baƙin littafi.

Katin banki ba ya cikin kayan aiki. Daga mataki na ɗaya zuwa na bakwai babu inda za ka biya kowa.

1. Fara warware maganar hukunci

Ban zo yin fatawa ba, amma ba zan ɓoye maka abin da na sani ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda cikin 1992, ta fitar da ƙuduri mai lamba 63 cewa yarjejeniyar zaɓi, yadda ake yin ta a kasuwannin duniya, ba ta halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba amfani ba ne, ba kuma hakkin da ake karɓar musaya a kansa ba ne. Hukumar AAOIFI ta Bahrain, mai tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci, ita ma a nan ta tsaya. Ƙudurin yana shafin majalisar. Karanta shi da idonka, ka kai wa malamin da ya san mu'amalar kuɗi ta zamani, ka yi masa bayanin abin yadda yake, ba yadda kake so ya amsa ba.

Wasu daga cikin waɗanda na zauna da su a nan suka tsaya. Wasu suka ci gaba da karatu don jarrabawar ƙwararru irin ta CFA, ko don aikin banki, ko don gane labaran kasuwa. Kowanne ka zaɓa, yanke shi tun yanzu, kar sai kuɗi ya shiga sannan ka tafi neman wanda zai halatta maka.

2. Ware zaɓi na gaskiya daga “sama ko ƙasa”

Nan ne aka fi yin kuskure. Ka rubuta options trading a YouTube, yawancin abin da zai tare ka manhajoji ne da ake danna kore ko ja, a ce ka cinka ko farashi zai hau ko zai sauka cikin minti ɗaya ko biyar. Wannan shi ne binary options, sunan kawai suka tara. A cikinsa ba ka mallaki damar sayen komai ba, kuma sau da yawa kamfanin da ke nuna maka farashin shi ne abokin karawarka: asararka ribarsa ce.

Yi lissafin da kanka. A ce in ka ci a ba ka ribar 80 a kan 100, in ka faɗi a kwashe 100 ɗin duka. Sai ka ci kusan sau 56 cikin 100 kafin ma uwar kuɗinka ta tsaya cik. Shi ya sa hukumomi suka tashi a kansa: Isra'ila, inda kamfanonin suka yi sansani, ta haramta sana'ar a 2017, Tarayyar Turai ta hana sayar wa ƙananan masu jari a Yuli 2018, Ingila a Afrilu 2019, Ostareliya a Mayu 2021, bayan hukumarta ta gano kusan kashi 80 cikin 100 na masu yi asara suke. Duk shafin da ba ya nuna maka jadawali mai farashin yankewa iri-iri da ranakun ƙarewa, rufe shi.

3. Ɗebi ruwa daga idonsa

Kasuwar zaɓi mai tsari a Shikago aka fara ta, cikin Afrilu 1973, da zaɓin saye a kan kamfanoni 16. Kasuwar ita ce ake kira Cboe yanzu. Akwai kuma gidan da ke tsaya wa kowane cinikin zaɓi na kasuwa lamuni a Amurka, OCC. Daga waɗannan biyun za ka fara.

OCC na da takarda mai suna Characteristics and Risks of Standardized Options. Doka ta tilasta wa kowane dillali a Amurka ya miƙa wa abokin ciniki ita kafin ya ba shi izinin cinikin zaɓi, kuma kyauta ce a shafin OCC. Karatunta ba daɗi, yaren lauyoyi ne. Ni dai da ita nake sa mutum ya fara, kuma daga babin haɗurra, saboda ita kaɗai ce aka rubuta musamman don a gaya maka yadda za ka yi asara. Kome ka ji a wani wuri daga baya, da ita za ka auna shi. Kar ka ce sai ka gane duka a karon farko. Ja layi ƙarƙashin abin da ya shige maka duhu, ka wuce.

Daga nan sai optionseducation.org, shafin majalisar ilmantarwa da masana'antar ta kafa a 1992. Akwai darussa daga na fari zuwa na ƙwararru, da kalkuletar kimanta farashi, duk kyauta. Cboe ma na da makarantarta tun 1985. Sai dai ka tuna waɗannan 'yan kasuwa ne, suna so kasuwarsu ta cika. Bayaninsu kan yadda abin ke aiki ingantacce ne, amma ba su ne za su ce maka ka haƙura ba. Don jin ɗaya ɓangaren, leƙa Investor.gov na SEC, hukumar kasuwar jari ta Amurka, da shafin FINRA mai sa ido kan dillalan can, gajerun bayanai ne masu gargaɗi.

Adireshin kuma rubuta shi da hannunka. Kar ka danna na saman sakamakon bincike, galibi talla ne.

4. Nemi malami guda mai bi daki-daki

Takardun hukuma suna gaya maka ƙa'ida, amma kana bukatar wanda zai zana maka a allo. Khan Academy na da gajerun bidiyo kan zaɓin saye da na sayarwa da zanen riba da asara, kuma babu abin da suke tallata maka. Jami'ar Yale ta saki laccocin Robert Shiller, wanda ya ci kyautar Nobel a 2013, kan kasuwannin kuɗi, akwai ta zaɓi a ciki. MIT ta saki na Andrew Lo, sai dai sun fi nauyin lissafi.

Wanda na fi miƙa wa mai farawa shi ne Varsity, na kamfanin dillanci na Indiya Zerodha. Rubutu ne, ba ya cin data, Turancinsa mai sauƙi, babi na bin babi. Lura ɗaya: misalansa na kasuwar Indiya ne, da rupi, kuma zaɓin can sai ranar ƙarewa ake amfani da shi, alhali zaɓin hannun jarin Amurka ana iya amfani da shi kowace rana kafin wa'adi. 

Ɗauki ɗaya ka gama shi. Mai tsalle daga tasha zuwa tasha yakan tara sunayen dabaru goma bai iya lissafin ɗaya ba. Lissafin Black da Scholes na 1973, wanda ake kimanta farashin zaɓi da shi, kuma bar shi tukuna, babu abin da zai ƙara maka a watan farko.

5. Tantance duk wanda ba ya cikin na sama

Dole za ka haɗu da wasu: mai tasha a YouTube, mai zaure a Telegram ko WhatsApp, mai kwas na kuɗi. Akwai na ƙwarai a cikinsu. Ga yadda nake binsu.

Tambaya ta farko, wa ke ciyar da shi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duba ƙasan bidiyon. In akwai mahaɗin “buɗe asusu ta nan”, to yana karɓar kamasho a kan kowane wanda ya shigo, wani tsarin ma a kan yawan cinikin da ka yi. Wannan kaɗai bai mai da shi maƙaryaci ba, amma mai gaskiya da bakinsa yake faɗa, kuma darasinsa na da amfani ko ba ka danna ba. Shekarun baya na taɓa biyan wani kuɗin kwas, na zauna mako biyu, ashe duk darasin sharar fage ce ta a kai mu ga dillalin da yake wa aiki. Abin da ya koyar na same shi kyauta daga baya, har da gargaɗin da ya tsallake.

Ta biyu, yana maganar faɗuwa? Hukumar kasuwar jari ta Indiya, SEBI, ta binciki asusun mutane na ainihi. A rahotonta na Janairu 2023, kashi 89 cikin 100 na ɗaiɗaikun masu cinikin zaɓi da kwangilar gaba (futures, wato alkawarin dole na saye ko sayarwa a wata rana mai zuwa) sun yi asara a shekara guda. A na Satumba 2024, wanda ya duba mutum fiye da miliyan 10 cikin shekara uku, adadin ya kai kashi 93, asarar ta haura rupi tiriliyan 1.8. Malamin da ya san wannan fage ba zai yi maka alkawarin kaza a wata ba. Wanda bai taɓa nuna cinikin da ya faɗi ba, ko dai ɓoyewa yake ko ba ya ciniki.

Hoton waya ba hujja ba ne. Ana ɗaukarsa daga asusun gwaji na kuɗin wasa, ana gyara shi cikin minti biyu, ana kuma nuna asusu ɗaya da ya ci a ɓoye huɗun da suka ƙone. Haka mota da agogo, da yabon da ke ƙasan bidiyo ana cewa “wane ya canza min rayuwa, ga lambarsa”.

Ta uku, bincika sunan. In ya ce shi dillali ne mai lasisi a Amurka, sa sunansa a BrokerCheck na FINRA, zai nuna maka rajistarsa da ƙorafin da aka yi a kansa. Na kasuwar kwangilar gaba ana duba su a BASIC na hukumar NFA. CFTC, hukumar gwamnatin Amurka kan wannan kasuwa, na da jeri mai suna RED na kamfanonin waje da ke farautar mutane ba rajista. Na Ingila, rajistar hukumar FCA da jerin gargaɗinta. Na Najeriya, jerin masu lasisi a shafin SEC ta Najeriya. A nan ka yi hattara da sojan gona: 'yan damfara kan kwafi suna da lambar lasisin kamfani na gaskiya. Kar ka tsaya ga ganin sunan, gwada adireshin shafi da lambar waya da ke cikin rajistar hukuma da waɗanda aka ba ka. Harafi ɗaya ya bambanta, ka bar su.

Ta huɗu, shekarun shafin. Sa adireshin a kowane shafin binciken whois ka ga ranar da aka yi masa rajista, ka kuma duba Wayback Machine ka ga kamanninsa a baya. Kamfanin da ke ikirarin shekara goma alhali shafinsa wata biyar, magana ta ƙare. Duba kwanan watan darasin ma, domin kuɗin dillanci da ƙa'idojin kasuwa suna canzawa.

Akwai magana guda da ba ta bukatar bincike: “kawo kuɗin in juya maka.” Ko sigina ce ake sayarwa, wato saƙon “sayi kaza yanzu”, ko mutum-mutumi mai ciniki da kansa, ko riba tabbatacciya, hanya ɗaya ce. Mun ga yadda MMM ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, mun ga CBEX a Afrilu 2025. Dokar zuba jari ta Najeriya ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu irin wannan tsari, amma ɗaure su ba ya dawo wa kowa da kuɗinsa.

6. Gwada abin da ka koya da biro

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin malami shi ne ko ɗalibinsa zai iya wannan ba tare da leƙe ba. Hannun jari yana dala 50. Ka sayi zaɓin saye a kan 55, ka biya dala 2. A Amurka kwangila guda hannun jari 100 ce, don haka dala 200 ka fitar, ba 2 ba. Masu farawa da yawa a nan suke tuntuɓe. Ranar ƙarewa, in farashi ya kai 60, damarka ta kai 500, ribarka 300. In ya tsaya 56, ta kai 100, ka yi asarar 100 duk da cewa hasashenka ya yi daidai, farashi ya hau. In 54 ne, 200 ɗin ta tafi ɗungurungum. Sai ya wuce 57 kake fara ganin riba.

Yanzu juya ka zauna kujerar wanda ya sayar maka. Ya karɓi 200, iyakar ribarsa ke nan. In ba shi da hannun jarin kuma farashi ya tashi zuwa 80, asararsa 2,300 ce, kuma babu rufin da zai tare ta. Duk darasin da ya kira sayar da zaɓi “kuɗin shiga na wata-wata” bai nuna maka wannan lissafin ba, yi watsi da shi.

Maimaita da zaɓin sayarwa. Sannan buɗe jadawalin zaɓi na wani babban kamfani a Yahoo Finance ko shafin Cboe, kyauta ne ko da yake farashin na ɗan makara. Zaɓi kwangila ɗaya, ka riƙa rubuta farashinta da na hannun jarin kullum na mako biyu. Za ka ga ranar da hannun jarin bai motsa ba amma kwangilar ta rame; lokaci ne ke zaizaye ta, shi ake kira theta. In ka dace da makon da kamfanin zai sanar da ribarsa, za ka ga ta kumbura kafin sanarwa ta saɓe bayanta. Abin da ka gani da idonka a littafinka ya fi bidiyo ashirin zama a kai.

Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira suna da amfani wajen sake maka bayani da sauƙi, amma sukan yi kuskuren lissafi gaba gaɗi. Kome suka faɗa, auna shi da biro da takardar OCC.

7. Asusun gwaji

Manyan dillalai irin su Interactive Brokers, da manhajar thinkorswim ta Charles Schwab, suna da asusun kuɗin wasa. In ba ka samu shiga ba saboda ƙasar da kake, littafinka ya wadatar: rubuta ka saya a farashin masu sayarwa, ka sayar a farashin masu saye, ka cire kuɗin dillanci. Kar ka ɗauki na tsakiya, yaudarar kai ce.

Kasuwar New York na buɗewa 2:30 na rana ta tashi 9 na dare agogon Najeriya da Nijar daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni 3:30 zuwa 10. In an ba ka kuɗin wasa masu yawa, yi amfani da daidai abin da za ka iya sawa a zahiri. Rubuta dalilinka kafin kowane ciniki, da inda za ka fita in abin ya juya.

Bar wasu kwangilolin su kai ranar ƙarewa, wadda ga na wata-wata Juma'a ta uku ce, don ka ga abin da ke faruwa in an tilasta wa mai sayarwa cika alkawari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Yuni 2020 wani ɗalibi ɗan shekara 20 a Amurka ya ga asusunsa na kamfanin dillanci na Robinhood yana nuna gibin kusan dala 730,000, ya ɗauka bashi ne ya hau kansa, ya kashe kansa. A 2021 FINRA ta sa kamfanin biyan tara da diyya kusan dala miliyan 70, cikin laifukan har da ba da izinin zaɓi ga waɗanda ba su cancanta ba. Kar ka wuce nan sai ka iya karanta kowane layi na asusunka.

Ka kuma sani asusun gwaji na cika ciniki da sauƙi fiye da kasuwa, kuma ba ya sa gabanka faɗuwa.

8. In har za ka buɗe asusu na gaskiya

Kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, ta buɗe sashen irin waɗannan kwangiloli a Afrilu 2022, amma da kwangilar gaba a kan ma'aunan farashin kasuwa (index) biyu ta fara, ba da zaɓi ba. Wanda ke son zaɓin kamfanonin Amurka, dillalin waje zai nema, da dala. Bi shi da binciken mataki na biyar, sannan ka rubuta masa ta adireshin da ke cikin rajistar hukuma: yana karɓar mazauna ƙasarka? Wane matakin izinin zaɓi zai ba ka? Nawa ne kuɗin cirewa, kuma kwana nawa yake ɗauka? Dillali na gaskiya zai tambaye ka takardar shaida da shaidar adireshi, ya sa ka cika fom ɗin haraji W-8BEN, ya yi maka tambayoyi kan ƙwarewarka da dukiyarka. Amsa gaskiya, ko da zai sa a ba ka ƙaramin mataki.

Kuɗin kuma asusun kamfani ake tura wa, da sunansa na rajista, ba asusun wani mutum ba, ba kuma jakar kirifto da aka turo maka a hira ba. Tura kaɗan, ka bar shi kwana biyu, ka nemi cire rabinsa kafin ka yi ciniki ko ɗaya. In aka ce sai ka biya “haraji” ko “kuɗin buɗe asusu” kafin a sake maka, kar ka ƙara ko sisi. Ɗauki hoton duk hirarku da rasit, ka kai ƙara hukumar da suka ce ta ba su lasisi, da SEC ko EFCC in a Najeriya kake.